Wayon ɗan kifi mai gyaran jikin manyan kifaye

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon fili a shafin wasiƙu domin in ja hankalin masu karatu ga wani ɗan kifi na tekun Indiya da Fasifik wanda masana ke kira Labroides dimidiatus, saboda labarinsa yana gyara zaton da ya yi mana katutu, cewa wayo girman ƙwaƙwalwa ne kawai.

Tsawonsa bai cika wuce santimita 10 ba, sana'arsa kuwa irin ta carki ce a jikin shanu. Yana da mazauni sananne inda manyan kifaye ke zuwa su tsaya cik, su buɗe baki, shi kuma ya shiga yana tsince musu ƙwari. A rana guda yakan duba kifi fiye da 2,000. Sai dai ya fi son yauƙin da ke lulluɓe da fatarsu a kan ƙwarin, don haka yakan saci cizo, amma idan wasu masu jiran layi suna kallo sai ya kame bakinsa, in kuwa wanda ya ciza ya fusata, ya lallashe shi da shafa.

A 2020 Zegni Triki da Redouan Bshary na Jami'ar Neuchâtel a Suwizalan, tare da abokan aikinsu, sun wallafa binciken da suka yi a tsibirin Lizard na Ostareliya. Inda masu wannan sana'a suke da yawa, baƙon kifi, wato wanda ya zo daga wani wuri, ba ya jira, domin yana da wurin zuwa, saboda haka riba tana ga fara sallamar baƙo kafin ɗan gida, wato kifin da ke zaune a wurin. A nan masu babban gaban ƙwaƙwalwa, wato waɗanda sashen gaba na ƙwaƙwalwarsu ya fi girma, su ne suka fi iya wannan dabara. Inda suke ƙalilan kuwa, baƙo dole ya haƙura, kuma masu babban gaban ƙwaƙwalwar ne suka fi yin watsi da ita. A ganina nan ne gishirin maganar yake: kowanne ya karanci kasuwarsa.

Duk da haka, ina roƙon masu rubuta mana labarin kimiyya su yi hattara, domin binciken ya nuna dangantaka ne kawai tsakanin sashen ƙwaƙwalwa da hali, kuma haɗuwar abu biyu ba ta isa hujjar cewa wannan ne ya haifi wancan ba.

Naku,
Wani mai karanta jaridarku, daga Zariya