Ɗaukewar al'ada: a duba abinci da nauyin jiki kafin a zargi kishiya

Edita, assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka don jan hankalin iyaye da mazaje a karkarar Kano da Jigawa. Idan al'adar mace ta ɗauke ko haihuwa ta yi jinkiri, hankali kan tafi ga iska ko sammu, alhali sau da yawa maganar tana tsakanin tumbi, kitse da ƙwaƙwalwa.

Kitsen jiki yana fitar da wani sinadari mai suna leftin, wanda Jeffrey Friedman da abokan aikinsa suka gano a Amurka a 1994. Shi ke sanar da ƙwaƙwalwa yawan abin da jiki ya tara. Tumbi kuma yana fitar da girelin, wanda aka gano a Japan a 1999, mai tashi idan yunwa ta kama. Ƙwaƙwalwa na duba su kamar yadda maigida ke leƙa rumbu kafin ya sa ranar biki. In leftin ya yi ƙasa, girelin ya yi sama, sai ta rage saƙon da take aikawa ma'ajiyar ƙwan haihuwa da ke cikin mace kusan kowace awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ƙwai ba zai nuna ba, al'ada ta yi nisa ko ta tsaya. Wannan ke samun macen da ke daka, ɗiban ruwa da aikin gona a tsakiyar damina, hatsin bara ya ƙare, ita ce kuma ta ƙarshe a cin tuwo. Maganinta abinci ne da rage wahala: wake, gyaɗa, nono, ƙwai, zogale da kifi, sau uku a rana.

Ƙiba ma tana hana ƙwai fita, ta wata hanyar. Jiki ya daina jin insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini, sosai, sai ya ƙara fitar da shi, yawansa kuma ya sa ma'ajiyar ƙwai ta riƙa yin sinadarin maza. Alamunsa gashi a haɓa, ƙuraje, baƙin fata a wuya da al'ada mai tsallake watanni. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi kan dawo da fitar ƙwai ga mata da yawa. Mai kilo 80 ta fara da kilo 4.

A nan ne ɓacin ranmu yake. Ana ɗura wa amare "sha ka fashe" kafin biki don su yi jiki, kuma cikin irin waɗannan ƙwayoyi har da wani maganin asibiti mai ƙarfi da ake kira deksametason. Kumburin fuska da tumbi yake kawowa, ya ɗaga sukari da hawan jini, ya rikita al'ada. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke rana ɗaya, domin jiki na iya faɗuwa. Likita ne zai rage mata a hankali.

Gwaji mai sauƙi: a raba kilo da tsayi a mita, a sake rabawa da shi. Ƙasa da 18.5 rama ce, 30 zuwa sama ƙiba ce. Tazarar al'ada kwana 21 zuwa 35 daidai ce. In ta ɗauke wata uku, ba ciki ba shayarwa, a je asibiti a fara da gwajin ciki. Idan shekara ta cika ba rabo, mijin ma a gwada shi.

Daga wasu ma'aikatan lafiya,
Ringim, Jihar Jigawa