Baƙonku ya auna God of War Ragnarök da mudun ɗan kasuwa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da abokan aikinku, na rubuto ne a kan hukuncin da baƙonku ya yanke a shirin daren Asabar da ta gabata, inda ya ce wasan bidiyon God of War Ragnarök na 2022 ya fi God of War na 2018 da ya gabace shi ta kowace fuska, har ya ƙara da cewa masu ganin akasin haka ƙaunar tsohon abu ce kawai take ɗawainiya da su. Maganar ta ɓata mini rai, kuma abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda mai gabatarwa ya bar ta ta wuce ba tare da ya ja da shi ko sau ɗaya ba, alhali ya san akwai masu sauraro da suka kai wasannin biyu ƙarshe, waɗanda suke da abin faɗa.

Hujjojin da ya kawo duka gaskiya ne, ba na musun ko ɗaya. Wasan 2018 ya kai mu duniyoyi shida, na 2022 ya buɗe duka tara. An ƙara wa Kratos, jarumin wasan, mashi a kan gatarinsa da wuƙaƙensa masu sarƙa, an ƙara yawan dodanni, kuma an sayar da kwafi miliyan 5.1 a makon farko. Amma wannan lissafi ne na mai shago da yake ƙirga kayan da ke kan kanta, kuma da a ce da shi ake gane labarin da ya fi shiga rai, da ba sai an gayyato kowa ɗakin watsa shiri ba, sai a karanto mana alƙaluman ciniki a rufe shirin. Abin da ya ɗaga wasan 2018 har ya ci kyautar gwarzon wasan shekararsa shi ne ya san inda ake yin shiru, kuma wannan ne abin da magajinsa ya kasa riƙewa. Baƙonku bai ambaci wannan ba ko da kuskure.

Ni ba baƙon Kratos ba ne. Tun ina makarantar sakandare nake tara kuɗin tara na kai shagon gem na unguwarmu, inda muke layi a kan benci muna jiran hannu ya zagayo kanmu a PlayStation 2. Kratos na wancan lokacin, wanda ya fara fitowa a 2005, mutum ne mai ihu da kisa, kuma abin da ya ja mu gare shi ke nan muna yara. Saboda haka lokacin da na samu PlayStation 4 na hannu, shekaru bayan fitowar wasan 2018, na zauna ne ina jiran wannan tsohon mahaukacin. Sai na tarar da dattijo mai gemu yana sare itacen da matarsa ta sa wa alamar tafin hannunta, domin a ƙona gawarta bisa al'adarsu ta mutanen arewacin Turai na da, sannan ya ɗauki tokar tare da ɗansa Atreus su kai ta ƙololuwar dutse mafi tsawo kamar yadda ta bar wasiyya. Labarin ke nan gaba ɗaya, kuma duk wanda ya riƙe hannun gem ɗin ya san inda aka dosa tun daga sa'ar farko.

Ina roƙon ku tuna wa baƙonku wurin farautar barewa. Yaron ya harbe ta, ta faɗi tana numfashi, ya kasa ƙarasa ta da wuƙa sai da uban ya ɗora hannunsa a kan nasa. Bayan an gama, yaron ya kau da kai yana haɗiye kuka, sai Kratos ya ɗaga hannu zai dafa bayansa, hannun ya tsaya a iska, sannan ya janye shi. Babu wanda ya ce uffan, kuma babu wanda ya zo daga baya ya fassara mana abin da muka gani. A daren da na ga wannan na ajiye hannun gem ɗin a kan tabarma na daɗe ban ɗauka ba, domin mahaifina na gani. Ni ne ɗansa na fari, kuma har Allah ya karɓi ransa ban taɓa jin ya kira sunana na yanka ba, sai dai ya ce “kai” ko ya aiko ƙanena ya kira ni. Ranar da zan tafi makarantar kwana ya raka ni tasha, ya tsaya a gefen mota har ta cika, ya miƙo mini kuɗi a dunƙule ta taga, ya juya bai ce komai ba, kuma sai bayan shekaru mahaifiyata ta gaya mini cewa ranar bai ci abincin dare ba. Duk Bahaushen da ya tashi a gidan da ake wannan kawaici ya san abin da hannun Kratos yake faɗa, kuma ya san dalilin da ya sa da wuya ka ji ya kira yaron da sunansa, sai dai “yaro”. Mutanen ɗakin aikin Santa Monica da ke Amurka, waɗanda suka ƙirƙiri wasan, ba don mu suka tsara shi ba, amma sun taɓo abin da muka sani a gidajenmu.

Haka wasan ya ci gaba da yi har ƙarshe. Jakar tokar tana rataye a ƙugun uban, yaron yana roƙon a ba shi ya ɗauka, ana hana shi, sai a matakin ƙarshe na hawan dutsen Jotunheim uban ya miƙa masa ita. Haka kuma lokacin da yaron ya kwanta rashin lafiya, ya zama dole Kratos ya koma gida ya tono wuƙaƙen da ya ɓoye a ƙarƙashin daɓen ɗakinsa, waɗanda suke tuna masa duk ɓarnar da ya yi a ƙasar Girka. An bar mu tare da shi a cikin kwalekwale, sama ta yi ja, tafiya ta yi tsawo, shi kuma yana zaune da nauyin abin da zai je ya ɗauko. Masu wasan sun amince cewa mai riƙe da hannun gem yana da hankalin da zai gane, shi ya sa suka ƙyale shi da tunaninsa.

To, a Ragnarök wannan amincewar ce ta ɓace, kuma ba sai an je da nisa ba kafin a gane. A Svartalfheim, ƙasar wadannin maƙera, akwai wuraren da ruwa yake tsartuwa daga ƙasa, inda ake so ka jefa gatari ka daskarar da shi domin ka juya wata na'ura hanya ta buɗe. Na iso irin wannan wuri, ɗana yana zaune kusa da ni, muka fara duban bango da igiyoyi muna shawara, kafin mu gama kallon wurin sai Atreus ya faɗi abin da za a yi. Muka wuce, muka iso na gaba, sai Mimir, kan nan mai magana da ke rataye a ƙugun Kratos, shi ma ya faɗa. Ɗana, wanda bai wuce shekara goma sha ɗaya ba, ya dube ni ya ce, “Baba, to mu me za mu yi?” Ban sami amsar da zan ba shi ba. Mutumin da yake samun wutar lantarki ta sa'o'i kaɗan a dare, ko yake ƙona man janareta da tsadarsa domin ya zauna ya wasa ƙwaƙwalwarsa, bai cancanci a riƙa fizge masa amsa daga baki kamar ɗan aji ɗaya ba. Ko a tsakiyar faɗa ba a bar mutum ya huta ba, ana ta yi masa ihun cewa wuta ta kama shi, alhali yana ganin wutar da idonsa.

Da a wuraren wasa ƙwaƙwalwa kaɗai abin ya tsaya, da na haƙura. Amma surutun ya shiga cikin labarin kansa. Kusan kowa a wasan sai ya tsaya ya bayyana abin da ke ransa dalla-dalla, ya faɗi darasin da ya koya, wani kuma ya amsa masa da nasa darasin, har Kratos da muka sani da ƙarancin magana ya koma mai yawan nasiha. Na san za a ce ai shekaru uku sun wuce a labarin, yaron ya zama saurayi, uban kuma ya sassauto, kuma na yarda mutum yana canzawa. Sai dai dattijon da ya sassauto ba ya zama mai wa'azi dare ɗaya, a ɗan abin da yake yi ake ganin sassaucinsa, kamar yadda aka nuna mana da jakar toka. Sannan ga zaman da aka sa mu yi a dajin Ironwood tare da Atreus da wata yarinya mai suna Angrboda, inda na kwashe maraice guda a bayan wata dabba mai kama da ɓauna ana tsinkar 'ya'yan itace ana hira, Kratos ba ya nan, labarin kuma ya tsaya cik. Lokacin da aka ɓatar a can shi ne aka rasa a ƙarshe, domin yaƙin ƙarshen duniya na Ragnarök ɗin da aka yi ta tsorata mu da shi tun daga sunan wasan, da aka busa ƙaho aka tara rundunoni aka afka wa Asgard, ƙasar alloli, kafin in gyara zama har an gama. Cory Barlog, wanda ya ja ragamar na 2018 kafin Eric Williams ya karɓi na biyun, ya bayyana da bakinsa cewa sun taƙaita labarin a wasa biyu ne saboda yin uku zai ci kusan shekara goma sha biyar. Dalili ne da ake iya fahimta, amma sakamakonsa a bayyane yake, an cusa kayan buhu biyu a buhu ɗaya, kuma ɗinkin ya nuna.

Kada a ɗauka ina cewa wasan banza ne, domin na kai shi ƙarshe, kuma akwai wuraren da suka riƙe ni. Zuwan Thor da ubansa Odin, allolin Asgard, gidan Kratos a farkon wasan, suka zauna a teburinsa ana magana a hankali kowa yana auna kowa, ya kai duk wani abu da ke cikin na farko. Mutuwar Brok, maƙerin da ke gyara wa Kratos makamai, ta girgiza ni, haka ma yadda ɗan'uwansa Sindri, mai tsabtar nan da ba ya son ƙura ta taɓa shi, ya koma yawo da jini a jikinsa bai damu ya wanke ba. Ku lura, Malam Edita, cewa waɗannan wuraren da suka yi kyau su ne daidai inda aka rage magana aka bar ido ya yi aikinsa, wato masu wasan ba su manta da hanyar ba, sun dai ƙi bin ta ne a mafi yawan tafiyar. Christopher Judge ya cancanci kyautar da aka ba shi a bikin The Game Awards na Disambar 2022 saboda muryar Kratos. A wannan bikin wani wasa mai suna Elden Ring ne ya zama gwarzon shekara, ba Ragnarök ba, amma ba zan riƙe wannan hujja ba, domin idan na yi haka na koma awo da mudun da nake ƙorafi a kansa.

Tun da na riga na ɗauki alƙalami, bari in faɗi wani abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Kuna sanar da lambar waya kuna cewa masu sauraro su kira, amma a daren nan na kira ya fi sau goma, sau biyu ana ɗauka a bar ni a kan layi ina jin talla har katina ya ƙare. Minti talatin ɗin shirin ma kusan kashi ɗaya cikin uku talla ce. Idan ba za a iya ɗaukar kira ba, gara a daina sanar da lambar, a ce mu aiko da saƙo a rubuce a karanta a mako na gaba.

Buƙatata ita ce ku sake gayyato wannan baƙo, ku haɗa shi da wanda yake da ra'ayi irin nawa, domin na tabbata ba ni kaɗai ba ne. Idan ya zo, ina so mai gabatarwa ya tambaye shi wuri ɗaya tak a cikin Ragnarök da ya sa shi ajiye hannun gem ya yi shiru, kamar yadda hannun Kratos da ya tsaya a iska ya sa ni yi, kuma a ba shi lokaci ya amsa kafin a tafi talla.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Mai sauraronku na kullum, daga Gusau.