Wasiƙa Zuwa Ga Aminina Na Nesa

Assalamu alaikum aminina,

Ina fata kana lafiya, da iyali da aiki. Saƙonka ya iso, kuma maganar da ka yi cewa hayaniyar matasa a soshiyal midiya surutu ne kawai ta tsaya min a rai. Gaskiya ban yarda da kai duka ba.

Ka tuna fafutukar rage shekarun tsayawa takara a Najeriya? A Twitter da Facebook ta bazu, amma masu yin ta ba su zauna riƙe da waya ba. Sun bi 'yan majalisa har ofisoshinsu, sun yi ta tattaki zuwa majalisun jihohi, domin gyaran kundin tsarin mulki ba ya yiwuwa sai jihohi 24 sun amince. A ranar 31 ga Mayu 2018 Buhari ya sa hannu. Shekarun takarar shugaban ƙasa suka sauko daga 40 zuwa 35, na majalisar wakilai daga 30 zuwa 25. A Kenya ma, cikin Yunin 2024, matasa sun fassara kudirin haraji zuwa harsunansu suna yaɗawa a TikTok, har shugaban ƙasar, William Ruto, ya janye shi, ko da yake an rasa rayuka, abin da har yanzu yake ci min rai.

Inda nake tare da kai shi ne zaɓen 2023. Sama da mutum miliyan 93 suka yi rajista, amma waɗanda suka fito kaɗa ƙuri'a ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba. Na gani da idona. A zaurenmu na WhatsApp akwai wani da ya fi kowa zafi, kullum cikin turo bidiyo da saƙon murya, wasu ma na ƙarya, ashe ko katin zaɓensa bai karɓa ba. A layin rumfar zaɓe kuwa, a gabana wata tsohuwa ce da ba ta da waya, ta ƙulle katinta a bakin zane, tun asuba take tsaye.

Shi ya sa yanzu duk wanda ya turo ƙorafi a zauren, nakan tambaye shi ko ya san sunan kansilansa. Mun fara da mutum biyar, muna so mu je zaman sauraron ra'ayin jama'a kan kasafin kuɗi. Idan kana da hali, ka shigo zauren ko daga can ne.

Ka gaida min Hajiya da yara. Ina jiran amsarka.

Naka,
Amininka