Aikin mai unguwa da liman a kwana uku na farko bayan fyaɗe

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da masu unguwanni, dagatai, limamai da shugabannin ƙungiyoyin mata. Idan aka yi wa yarinya ko matar aure fyaɗe a garuruwanmu, ƙofarsu ake fara bugawa tun kafin 'yan sanda su ji labari. Abin da suka yanke a wannan daren shi ne zai nuna ko za ta tsira da lafiyarta, kuma ko mai laifin zai tsaya gaban alƙali.

Asibiti ne farko, kafin a nemi mai laifi, kafin a tara dangi. Maganin da ke kare mutum daga kamuwa da ƙanjamau bayan fyaɗe sai an fara shan sa cikin awa 72, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon ƙarfinsa. Ana shan sa kullum har kwana 28 ba tsallake. Wasu kan daina a mako na farko saboda tashin zuciya ko jiri, don haka a samu mace ɗaya amintacciya da za ta riƙa tsayawa a kan shan maganin. Maganin gaggawa na hana ɗaukar ciki yana da wa'adin kwana biyar, shi ma ya fi tasiri a kwanakin farko. Akwai kuma allurar rigakafin ciwon hanta da magungunan ciwon sanyi.

A nan ake yawan yin kuskure da kyakkyawar niyya. Uwa takan yi sauri ta yi wa 'yarta wanka, ta gasa ta da ruwan zafi, ta wanke zane da kamfai. Tausayi ne, amma ruwan nan yana tafiya da shaidar da likita zai rubuta. Kayan da ke jikinta a naɗe su a takarda ko babban ambulan, kada a sa su a leda, domin leda tana riƙe danshi ta lalata abin da za a gwada. Idan kuma an riga an yi wankan, a tafi asibitin duk da haka, maganin yana nan da amfaninsa.

A Kaduna akwai cibiyoyin Salama masu kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, ɗaya tana babban asibitin Gambo Sawaba da ke Zariya, asibitin da ke ɗauke da sunan matar da ta sha ɗauri saboda kare haƙƙin mata a zamanin NEPU. A Kano akwai irinta, cibiyar Waraka, a asibitin Murtala. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin duba mai buƙatar gaggawa, saboda haka ba sai an jira takardar 'yan sanda ba. A nemi likita ya rubuta rahoto da kwanan wata da sa hannu, a ajiye kwafi a gida.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne sulhu. Sau da yawa mai laifin ba baƙo ba ne: maƙwabci ne, ko mai shago, ko ɗan uwa na jini. Sai a zauna a zaure, a ce a rufa asiri, a ba da kuɗin magani, a yi addu'a a watse. Sulhu alheri ne a rikicin gona da bashi da saɓanin ma'aurata. Fyaɗe kuwa laifi ne da hukuma ke tuhuma, mai unguwa ba shi da hurumin yafe shi, kuma asirin da ake rufawa na mai laifin ne. Ya koma shagonsa, yaran unguwa suna ci gaba da zuwa aike wurinsa.

Wanda zai raka iyali ya san hanyar da ƙara ke bi, don kada ya gaji a tsakiya. Daga ofishin 'yan sanda na yanki ana tura ta sashen binciken manyan laifuka na jiha. Kotun majistare takan ba da umarnin tsarewa ne kawai, fayil ya tafi ma'aikatar shari'a don shawarar lauyoyin gwamnati, sannan babbar kotu ta saurara. A wannan jiran ne ƙararraki ke mutuwa: kuɗin mota ya ƙare, shaidu su daina zuwa, dangin wanda ake tuhuma su matsa lamba. Ƙungiyar unguwa da ta ware asusun kuɗin mota, ta rubuta lambar fayil da sunan jami'in da ke bincike, ta kuma haɗa iyalin da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, ta yi aikin da ya fi taron gangami.

Dokoki ba su yi mana ƙaranci ba. An sa hannu a dokar hana cin zarafin jama'a ta tarayya a 2015, gwamnoni sun ayyana dokar ta-ɓaci kan fyaɗe a watan Yunin 2020, Kaduna ta tsananta hukunci a watan Satumba na shekarar. Tambayar da ya kamata shugabannin al'umma su kai wa kansila da ɗan majalisar jiha ita ce: nawa aka ware wa cibiyoyin nan a kasafin bana, nawa aka saki, kuma asibitin ƙaramar hukumarmu yana da maganin awa 72 a ranakun Asabar da Lahadi?

Ina kuma roƙon limamai su faɗi wannan wa'adi na kwana uku a huɗubar Juma'a, jaridarku ta buga sunayen cibiyoyin kowace jiha da inda suke.

Wassalam.
Mai karatunku daga Zariya.