Auta, Ki Sake Duba Kishiyar Cikin Labarinki

Assalamu alaikum Auta,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ya karatu? Na karanta labarin da kika turo, wanda kika ce da shi za ki shiga gasar Hikayata ta BBC Hausa. Tun 2016 da aka fara gasar nake sauraron labaran da ake karantawa a rediyo, don haka ki bari in sa baki.

Hausarki ta fita, Allah ya ƙara basira. Kishiyar nan ce ba ta kwanta mini ba. Tun a shafin farko kin sa tana harara, tana tsaki, tana sintirin gidan boka. To wa za ta yaudara? Ko yaron goye ya ganta ya san muguwa ce, sai mijin ya zama wawa a idon mai karatu tunda shi kaɗai ne bai gane ba. Mayaudarin gaske bakinsa zaƙi gare shi, shi ke riga kowa zuwa gaisuwar mutuwa.

Ki tuna Gizo da hankaki. Kowanne ya ara masa gashi ɗaya, suka tashi da shi zuwa ɓauren da ke tsakiyar kogi. Da wane ƙarfi ya samu gashin? Da lallami, da tsamin bakin nan nasa mai sa a yi dariya a saki jiki. Ana isa kan bishiya sai hali ya fito, duk ɓauren da hankaka ya nufa sai ya ce shi ya riga gani. Suka zare gashinsu suka bar shi. Ba aradu ce ta faɗo masa ba, haɗamarsa ce ta jefa shi ruwa. A ruwan ma bai daddara ba, ya ce wa kadoji shi ɗan'uwansu ne, aka sauke shi, ya bi ƙwansu ya cinye. Ke kuwa kin rasa yadda za ki yi da taki kishiyar, kin tura mota ta buge ta. Wannan gudun aiki ne, Auta.

Haka wazirin Magana Jari Ce, wadda Abubakar Imam ya rubuta wajen 1937. Mutum ne na kusa da sarki, wanda aka amince wa, shi ya sa makircinsa ke da haɗari har sai da aku ya yi ta jan Musa ɗan sarki da labari dare bayan dare don kada ya fita.

Ki ba matar nan dalili. Wataƙila tsoro take ji kada 'ya'yanta su tashi a tutar babu in maigida ya faɗi. Mai son kai ba ya kiran abin son kai, cewa yake hakkinsa yake karewa, kuma kansa yake fara yi wa ƙarya kafin ya yi wa wani. In kika rubuta ta haka, mai karatu zai tsargu, don zai hango kansa.

Sai abu na ƙarshe. Yadda take tafiya da irin turarenta, na gane wadda kika ɗauko a dangi, kuma in na gane kowa zai gane. Ki canza, zumunci ya fi gasa.

Babanki na gaishe ki. Ki turo mini gyaran kafin ki aika musu.

Taki,
Umma