Masu koyon Italiyanci su yi hattara da gadar Turanci

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in ja hankalin masu koyon Italiyanci, musamman ɗalibai da waɗanda ke yi wa 'yan uwa tafinta a ƙasar Italiya, kan wata matsala da ba a cika tattauna ta ba. Hausawa da yawa da ke koyon wannan harshe ta Turanci suke bi, saboda yawancin ƙamusoshi da littattafan koyo da suke samu na Turanci da Italiyanci ne. Abin da ba a faɗa wa mai koyo shi ne, kalmomin Turanci da aka fi furtawa kullum su ne suka fi tara ma'anoni, kuma Italiyanci yakan ba kowace ma'ana kalmarta daban.

Girman abin ya wuce yadda ake zato. A bugu na biyu na babban ƙamusun Oxford, wanda ya fito a 1989, kalmar “set” tana da ma'anoni 430, kuma da aka sake bitar kalmar “run” a 2011 an lissafa mata ma'anoni 645 a matsayin aikatau kaɗai. Wanda ya buɗe ƙamus ya ɗauki fassarar farko da idonsa ya faɗa a kai, caca ya yi.

A ɗauki “right”. Idan hannu ake nufi ko kwana a kan hanya, Italiyanci “destra” yake cewa. Idan amsa ce ta yi daidai, “giusto” ne. Idan kuwa haƙƙi ne da doka ta ba mutum, to “diritto” ne, kuma a nan kuskure ke da tsada, domin wannan ce kalmar da ke cikin takardun kotu da na 'yan sanda. Sashe na 143 na dokar shari'ar laifuka ta Italiya, alal misali, ya ba wanda ake tuhuma da bai iya Italiyanci ba haƙƙin samun tafinta ba tare da ya biya ba, kuma wanda bai gane kalmar ba zai iya sa hannu a takarda bai san an faɗa masa haka ba. Sai kuma ta huɗu: idan Bature ya ce wa abokin gardamarsa “you are right”, ɗan Italiya ba zai yi amfani da ko ɗaya daga cikin ukun nan ba, “hai ragione” zai ce, kuma ginin jimlar tasa daidai yake da namu na “kana da gaskiya”.

Wannan ne ya kawo ni ga abin da nake son masu karatu su riƙe. Dama, daidai, haƙƙi, gaskiya: Hausa ta riga ta raba abin da Turanci ya cakuɗa. Haka “time” take. Muna cewa ba ni da lokaci, muna tambaya ƙarfe nawa, muna cewa sau uku, Italiyanci ma yana da “tempo” da “ora” da “volta” a waɗannan gurabe uku, kuma wanda ya ce “tre tempi” yana nufin sau uku zai ga an tsaya ana kallonsa. Haka “play”: wasan ƙwallo “giocare” ne, kaɗa ganga ko busa sarewa “suonare” ne, fitowa a wasan kwaikwayo “recitare” ne. Saboda haka shawarata ga mai koyo ita ce, kafin ya nemi kalmar Italiyanci, ya fara tambayar kansa yadda zai faɗi jimlar da Hausa. Sau da yawa amsar da ya ba kansa ita za ta nuna masa layin da zai duba a ƙamus.

Wasu kalmomin ba sa buƙatar dogon bayani. “Date” tana iya zama “data” ta kwanan wata, ko “appuntamento” na alƙawarin haɗuwa, ko “dattero”, wato dabino. “Party” tana iya zama “festa” ta biki, ko “partito” ta siyasa, ko “parte”, ɓangare a yarjejeniya ko a shari'a. “Fine” da ke kan takardar da aka maƙala a gilashin mota “multa” ce, tara, ba gaisuwar lafiya lau ba. “Free” ce ta fi su wayo. A ƙa'ida, “libero” na mai 'yanci ne ko abin da ba kowa a cikinsa, “gratis” kuma na kyauta, don haka tasi da aka ce “libero” babu fasinja a ciki ke nan, kuɗinsa kuwa sai an biya. Amma a ƙofar gidan tarihi ko wurin taro ana rubuta “ingresso libero”, a nan kuma shiga kyauta ake nufi. Haddar jeri ba ta isa ba ke nan, sai an ji kalmar a bakin masu ita.

Ba ina cewa Hausa tana warware komai ba. Mu ma “sani” ɗaya gare mu kamar “know” ta Turanci, alhali Italiyanci yana amfani da “sapere” ga labari da iya abu, “conoscere” kuma ga mutum ko gari. Haka nan “ina son ki” ba ta bambanta uwa da budurwa, amma a can “ti voglio bene” ake ce wa iyaye da abokai, a ajiye “ti amo” ga masoyi. Game da “you” kuwa, mun fi Bature shiri, tun da mun saba ce wa babba “ku”. Sai dai a lura cewa a daidaitaccen Italiyanci “Lei”, wadda asalin ma'anarta “ita” ce, ake ce wa likita ko jami'i, ko da namiji ne, ko da yake a kudancin ƙasar har yanzu ana jin “voi” na girmamawa.

Manhajojin fassara na waya sun inganta ƙwarai tun da Google ya koma sabon tsarinsa a 2016, amma idan aka ba su kalma ɗaya tilo, zaɓa kawai suke yi, kuma tsakanin Hausa da Italiyanci sau da yawa ta Turancin suke ratsawa, su kwaso cakuɗar da muke gudu. A ba su cikakkiyar jimla. Wanda ke da hali ya nemi ƙamusun Turanci da Italiyanci irin Ragazzini, wanda kamfanin Zanichelli na birnin Bologna ke bugawa tun 1967, ya karanta bayanin kalma har ƙarshe tare da misalansa, sannan ya duba kalmar da ya zaɓa a ƙamusun Italiyanci zalla kamar Zingarelli ko Treccani, ya ga ko ma'anar da yake nema ce ta dawo masa. Takardun da za a kai hukuma kuwa, kamar na haihuwa da na aure da shaidar karatu, a kai su ga mai fassara da zai yi rantsuwa a kansu a kotu, abin da ake kira “traduzione giurata”, domin irin wannan fassarar ce ofisoshin ƙasar suka saba nema.

Na gode da filin da aka ba ni.

Naku,
Wani mai karatunku a Italiya