Zuwa ga Ƙaramin Jakadan Najeriya a Jidda: mamatanmu da ba a san sunansu ba

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, kukana a kan 'yan'uwanmu ne da ke rasuwa a ƙasar nan a binne su ba suna.

A Hajjin 2024 ministan lafiya na Saudiyya ya ce mutum 1,301 suka rasu, kashi 83 cikin ɗari ba su da izinin aikin Hajji, da yawa kuma babu ko takarda ɗaya a jikinsu. Ba mu manta da turmutsutsun Mina na 2015 ba, da aka tara gawarwaki a Mu'aisim, aka yi ta bin hotuna ana neman fuskar da aka sani.

Ɗakin binciken 'yan sanda, wanda a nan ake kira Adillatul Jina'iyya, kwatance yake yi, ba duba ba. In an kawo gawa, a ɗauki basmarta, wato zanen yatsunta, a nemi irinta cikin waɗanda aka ɗauka a filin jirgi ko wajen yin iƙama, wato takardar izinin zama. Wanda ya shigo ta ɓarauniyar hanya, ko aka haife shi a nan ba takarda, kwamfuta ba ta san da shi ba. Ga zafin Makka, kafin a ankara fatar yatsu ta lalace. Sai a koma ga haƙora, mu kuwa mutum nawa ne cikinmu ke da hoton haƙoransa a asibiti?

Saura ƙwayar halitta, wato DNA, wadda Alec Jeffreys ya gano hanyar tantance mutum da ita a Ingila a 1984. Ana samunta har a ƙashi. Rabinta daga uwa, rabi daga uba, shi ya sa ba ta fitar da suna sai an gwada ta da ta ɗan'uwa na jini. Ɗaukar ta ɗan'uwan ba wuya: ɗan tsinke mai auduga ake gogawa a cikin kumatu, shi ke nan.

To wa zai kai kansa? Matar da ke zaune a unguwar Jarwal ta Makka ba iƙama, maigidanta ya fita bai dawo ba, ba za ta doshi shurɗa, wato 'yan sanda, ba, tana tsoron a wuce da ita Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu. Mahaifiyarsa a ƙauye ba ta ma san ana wannan gwaji ba. Shekara ta zagayo ba a yi takaba ba, ba a raba gado ba.

Ranka ya daɗe, ofishinka ne kaɗai zai iya shiga tsakani. A buɗe rajistar waɗanda suka ɓace, wadda mutum zai kawo rahoto ba tare da an tambaye shi takardunsa ba. A nemi yardar hukumomin Saudiyya su riƙa karɓar samfurin dangi daga Kano ko Abuja. Sannan a tura wanda zai yi wa jama'a bayani da Hausa a unguwanninmu na Makka da Jidda, tun kafin Hajji mai zuwa.

Wassalam,
Wani mazaunin Makka